Dutsen da Za a Cire Gobe

Mutanen gidanmu na Birni, a nan Damagaram, ba da tsage ake gane mu ba, ba kuma da kamannin fuska ba. A ƙafa ake gane mu. Duk wanda ya tashi a gidan, mace ko namiji, in ka dubi babban yatsansa za ka tarar farcen ya taɓa mutuwa ya sake fitowa a karkace. Wani lokotoro, wato likita, ya taɓa duba nawa, ya duba na ƙanwata, ya ce lalle wannan ciwon gado ne. Ban yi masa musu ba, don gadon ne, sai dai ba a jini yake ba. A bakin ƙofar tsohon ɗakin soron da ke tsakar gidanmu yake, dutse ne mai doro, kuma wanda ya zauna ya sassaƙa shi da gangan shi ne kakan kakana, Idirisu. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, don haka zan faɗi labarinsa yadda tsofaffin gidanmu suka ba ni, ba zan rufa masa asiri ba.

Idirisu ba magini ba ne tun farko. Mai aikin wuyan riga ne, a zamanin da ake ginin ganuwar Birni. Wuni yake yi a zaure da allura da zaren tsamiya, tafin hannunsa laushi kamar na jariri. Allah ya yi shi da ƙin karkataccen abu. In ya hango zare ɗaya ya kauce a aikin da ya yi mako yana yi, sai ya warware ya sake. In kuna magana da shi hularka ta ɗan zame, ba zai ji abin da kake faɗi ba sai ya kai hannu ya gyara maka ita. A masallacin unguwa, in liman ya ce a daidaita sahu, shi kaɗai ne maganar ke yi wa daɗi har cikin rai, kuma an sha ganinsa bayan an idar yana jera takalman mutane biyu-biyu. Furfura ta riga ta fito masa a gemu, yana da mata, Wasila, da 'ya'ya, amma uwarsa ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Auta, unguwa kuwa ta bi bakinta.

Irin wannan mutum sai aka haife shi a gidan Zakari. Zakari falke ne, mai kai kanwa Kano ya komo da tufafi, kuma shekarar da ya auri Zuliha ya ce ba ya bukatar magini, shi ma hannu biyu gare shi. Ya gina mata ɗakin soro da kansa, tun Birni bai cika ba, gidaje nan da can tsakanin manyan duwatsu. Ɗakin ya tsaya, wannan kam ba a raina masa ba. Amma bangon gabas ya yi tumbi, ƙofar ta jingina gefe ɗaya kamar mai jin barci, a dokin ƙofa kuma ya dasa wani dutse da ya tsinto a bayan gida don ya tare ruwa. Dutsen na da doro a gefe, daidai inda ƙafa ke wucewa. Washegarin tarewa amarya ta fito da sassafe ta yi tuntuɓe da shi. Da yake ba ta faɗin sunan miji, sai ta ce, "Mutumin nan, yaushe za ka cire dutsen nan?"

Zakari na alwala a tsakar gida, ya ce, "Gobe, in Allah ya kai mu."

Shi ke nan, abin ya zama gaisuwarsu. Kowace safiya in yana gari sai ta tambaya, shi kuma ya ba ta gobe. Suka haifi 'ya'ya, suka binne waɗansu, suka aurar da waɗansu, dutse na nan. Zakari ya rasu yana tsoho. Bayan 'yan shekaru yanar ido ta kama Inna Zuliha, ta daina gani sai dai ta bambanta rana da inuwa. Amma kullum da safe za ta fito, a ji ƙafarta ta bugi dutsen, ta ce, "Mutumin nan, yaushe za ka cire dutsen nan?" Ta ɗan tsaya, sannan ta wuce wajen butarta. Daga nan sai faɗa ya tashi: Wasila ta cika wa kunu tsamiya, jikoki sun bar mata akuya ta ci tabarma, Auta ya cika zama wuri ɗaya. Gidan ya saba da wannan kamar yadda ya saba da carar zakara.

Wata damina mai ƙarfi ta zo ta ci gindin bangon ɗakin, gara kuma ta riga ta ɓunguri azarar rufin. Tsaga ta buɗe daga sama har ƙasa, yaro na iya zura hannu. Bayan kaka sai ga Hajara, yayar Idirisu, daga Dogo, inda take aure, ta kawo wa tsohuwa sabon gero. Hajara ba ta iya magana a hankali ba. Ta dubi tsagar, ta dubi ƙanenta yana ɗinki, ta ce, "Auta, kai kana nan kana yi wa rigar wani ado, ɗaki zai faɗo wa uwarmu? Wallahi in ruwan fari ya sauka ban ga an gyara ba, da takarkari zan zo in tafi da ita Dogo."

Maganar ta soki Idirisu. A ce yana raye, da gidan ubansa, uwarsa ta koma cin tuwon suruki a ƙauye, ai ba zai ƙara iya zama a zaure ba. Ban da kunya ma, akwai abin da bai faɗa wa kowa ba: tunda aka haife shi bai taɓa kwana a gidan da babu muryar Inna ba, kuma yana tsoron ranar.

Ya fita neman magini, ya tarar babu. Duk mai iya ɗora tubali a kan tubali an kwashe shi aikin ganuwa. Mutum ɗaya aka bari, Mala Kolo, wani tsohon Babarbare da gwiwa ta hana shi hawa dogon gini, aka bar masa gyaran tsofaffin zauruka da masallatan unguwa. Idirisu ya same shi a gindin wani bango yana tauna goro, ya faɗi bukatarsa.

Mala Kolo ya ce, "Lale, lale. Ni aiki ya yi mini yawa, hannu ya yi mini kaɗan. Ka zo ka taya ni, ka koya, ka je ka gyara wa uwarka da kanka." Ya kama hannun Idirisu ya juya shi, ya shafa tafin, ya yi dariya har da tari. "Mai allura, da wannan kake cin tuwo, ko ba ka ake yi a baki?"

Ranar farko Idirisu ya zo da farar riga mai aiki. Mala Kolo ya nuna masa ramin da aka jiƙa ƙasa da ramno, wato ciyawa da kashin doki, an bar su sun ruɓe, ya ce ya shiga ya cuɗa da ƙafa. Mutumin da ke wanke hannu kafin ya taɓa zare ya shiga har gwiwa, yana tattakawa yana toshe hanci, matan unguwa masu zuwa rijiya suka riƙa canza hanya don kawai su biyo ta nan. Da ya koma gida Inna ta ɗaga hanci ta ce wa ya shigo mata da doki.

Aka kai shi ga yin tubali. Sauran masu aiki sukan danƙo ƙasa, su mulmula, su dire, kafin ka ce me an cika fili. Idirisu kuwa ya zo da zare yana auna kowane ɗaya, wanda ya fi ɗan'uwansa ƙiba ya rage masa. Rana ta take, yana da 'yan ƙwarori a jere, kyawawa ƙwarai, waɗanda ko akurkin kaza ba za su gina ba. Mala Kolo ya tsaya a kansu ya ce, "Waɗannan sayarwa za ka yi ko aurar da su?"

Hawa bango ya fi komai ba shi wuya. Magini kan hau kan bangon ne ya zauna kamar a kan jaki, na ƙasa na jefo masa tubali yana cafewa. Idirisu ya hau, ya dubi ƙasa, ya rungume bangon da hannu biyu yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Tubalin farko da aka jefo ya same shi a ƙirji. Na biyu ya wuce ta kansa ya faɗa gidan mutane. Bai sauko ba dai, wannan na yaba masa. A hankali hannu ya fara cafewa kafin tsoro ya tuna masa inda yake.

Inda aka gane yana da rabo a sana'ar shi ne wajen dutse. Mala Kolo ba ya gyara gindin tsohon bango da ƙasa zalla, sai ya haƙe inda ya zaizaye ya jera duwatsu. Yakan hura wuta a kan babban dutse har ya yi zafi, ya kwara masa ruwan sanyi ya tsage, sannan a bi shi da guduma, a gyara fuskarsa da makoɗi, irin wanda mata ke koɗa dutsen niƙa da shi. Aiki ne na ƙwanƙwasa kaɗan-kaɗan, wuri ɗaya, tun safe har la'asar, samari ba sa jure masa. Idirisu kuwa ya zauna kamar ya samu wuyan riga. Mala Kolo, wanda yabo ke yi wa wuyar fita, ya duba wani dutse da ya gama ya ce, "To, ba laifi."

Sai dai halin na nan. Suna gyaran bangon wani tsohon masallaci, Idirisu ya ga wani kumburi kusa da ƙofa, ya ɗauko fartanya zai kankare shi. Mala Kolo ya riƙe masa hannu ya ce, "Nan tsofaffi ke dafawa in za su cire takalmi. Ka ga yadda ya yi santsi? Bar musu abinsu." Idirisu ya bari, amma duk ranar yana satar kallon wurin kamar mai ƙaiƙayi a inda hannu ba ya kaiwa.

Kafin bazara hannunsa ya yi kanta, ya tsattsage. Wata rana ya ɗauko tsohon aikinsa don ya ƙarasa wa wani mutum riga, zaren tsamiya ya riƙa maƙalewa a yatsunsa yana tsinkewa. Ya daɗe yana kallon hannun. Ya naɗe rigar ya mayar wa mai ita da ban haƙuri, ya sa allurarsa a cikin kwando. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don yana son sana'arsa, amma ya ce in dai Inna za ta zauna, ya yafe.

Aka mai da Inna ɗakin Wasila, ya shiga aikin ɗakin soro shi da 'yan'uwan matarsa. Ya sauke rufin ya sa sabuwar azara. Ya haƙe gindin bango ya jera duwatsu. Daga nan sai Idirisun ainihi ya fito. Ga ɗakin da ya tsone masa ido tun yana yaro, ga shi yau a hannunsa. Ya sassabe tumbin bangon gabas, ya miƙar da ƙofar, ya yi yaɓe sumul, ya shafe waje da makuba har yana ɗaukar ido. Dutsen dokin ƙofa kuwa, da murna ya sa sanda ya ɓanɓaro shi. Ranar masu jakuna na bi unguwa-unguwa suna tara duwatsun harsashin ganuwa, ya ce su haɗa da wannan, har ya taya su ɗorawa. A madadinsa ya sassaƙa wani shimfiɗaɗɗe, mai kusurwa huɗu, wanda ko ƙwai aka ajiye a kai ba zai gangara ba.

Mala Kolo ya zo ya duba, ya zagaya ciki da waje, ya ce, "Ya yi kyau. Ɗakin wa ne?"

"Na Inna mana, Baba Mala."

"To," in ji Mala Kolo, ya tafi.

Aka kamo hannun Inna aka kawo ta. Ta tsallaka ƙofa, ta bi bango da tafin hannu tun daga wannan kusurwa har waccan, ta ce, "An yi aiki. Allah ya yi albarka, Auta." Ta zauna a kan gadonta.

Washegari gidan ya wayi gari shiru. Inna ta fito, ta yi alwala, ta koma. Kunu ya zo da tsamiya fiye da kullum, don Wasila da gangan ta ƙara, tsohuwa ta kurɓa kaɗan ta ajiye, ba ta ce uffan ba. Akuya ta shiga har ɗaki ta fito, ba wanda ya ji labari. Kwanaki suka wuce haka, tuwo na komawa yadda aka kai shi, tsohuwa na ramewa. Rannan wata mai kawo daddawa daga Dogo ta shigo, Inna ta ba ta saƙo a gaban kowa: a gaya wa Hajara ta zo da takarkarin.

Idirisu ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, me na rage? Ɗakin nan ko na fada bai fi shi ba."

Ta ce, "Ba ka rage komai ba, Auta. Ni ce dai nake jin kamar na zo baƙunci. In baƙuncin ne, gara in yi shi wajen Hajara, ita ma tana da hakki."

Ya fita ransa a ɓace, har da fushi. Ya ba da hannunsa da sana'arsa, ga abin da ya samu. Wasila ta bar shi ya gama huci, sannan ta ce, "Malam, gobe da safe kar ka yi saurin fita. Ka tsaya nan jikin rumbu ka dubi ƙafarta. Ƙafar kawai."

Ya tsaya. Inna ta fito tana dogara sanda. Da ta zo dokin ƙofa sai ƙafarta ta ɗan kauce gefe, babban yatsan ya miƙa yana laluben wani abu, ya shafi iska. Bakinta ya buɗe, ya rufe. Ta tsaya jim, ta wuce wajen buta.

Wasila ta ce a hankali, "Kullum haka take yi, shiga da fita. Kai kana tsammanin mutum zai shekara da shekaru a ɗaki ɗaya bai san inda dutse yake ba? Ni tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ta ji ciwo a kansa ba. Mu ne dai muke ji. Ita taɓa shi take yi, ta yi wa Baba magana. Yanzu ka ɗauke, ta ina za ta fara?"

Idirisu ya zura takalmi ya nufi wajen ganuwa kusan da gudu. Ya sami shugaban masu aikin ya ce yana neman wani dutse mai doro da aka ɗauko daga gidansu. Mutumin ya nuna masa bango ya tashi ya fi tsayin raƙumi da mahayinsa, ya miƙe iyakar ganin ido, ya ce, "Nuna mana daidai wurin, Auta, sai mu rushe wa Sarki ganuwa mu ciro maka." Masu aiki suka yi ta dariya har ya ɓace musu.

Ya je ya faɗa wa Mala Kolo, yana jiran a ce masa an gaya maka. Tsohon bai ce ba. Ya ce, "Dutse ba ya ƙarewa a Damagaram. Ka tuna kamanninsa?"

Nan Idirisu ya ga ta kansa. Tun yana rarrafe yake tsallaka dutsen nan, amma harara kawai ya taɓa yi masa, bai taɓa dubansa ba. Ya san yana da doro, iyakar saninsa ke nan.

Mala Kolo ya dubi ƙasa ya ce, "Cire takalminka." Ya nuna masa mataccen farcensa da bakin sanda. "Ga tsayin doron nan a rubuce. Sauran ka tambayi ƙafafun unguwa."

Haka aka yi, kuma har yau ana ba da labarin a Birni. Idirisu ya tsaga dutse a bayan gidan Mala Kolo, ya yi ta koɗa shi har ya fitar da doro, ya dasa shi tsakanin turaku biyu a matsayin ƙofa. Sannan ya bi duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Inna yana roƙonsa ya zo ya yi tuntuɓe. Wasila ta fara, ta ce a'a, na da ya fi kamawa ƙasa-ƙasa. Ya rage. Mai tallan fura ta gwada ta ce wannan ai tsini gare shi, na da dunƙulalle ne, ba ya yanka, sai dai ya sa ka ambaci Allah. Wanzamin gidan ya zo ya yi tuntuɓe sau biyu don ya tabbatar, ya ce a matsar da doron wajen gefe kamar faɗin yatsa, ya tafi yana ɗingishi yana cewa yanzu kam an kusa. Dutse biyu suka lalace aka sake. Wanda ya fi kowa gwadawa shi ne mai aikin, har ya koma yawo da tsumma ɗaure a yatsa. Unguwa ta samu abin hira: mutumin da ke jera takalman masallaci ya zauna yana sassaƙa wa uwarsa tuntuɓe.

Wasila ce ta tuna da wani ɗan gurbi a ɗaya gefen, inda Inna ke dandaƙa goro tunda haƙora suka zube. Ya haƙa shi da bakin ƙarfe. Saura santsi, don tsohon dutsen ƙafafu sun goge shi shekaru. Ya bi sabon da yashi da ruwa, ya bi shi da ƙyallen fata da man kaɗanya, har hannunsa ya daina jin inda makoɗi ya taɓa. An ce bai taɓa zuba wa wuyan rigar kowa irin wannan kulawa ba.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma lokacin da Hajara ta iso. Ta ɗaure takarkari a ƙofar gida, ta shiga ta ga ɗakin, ba ta samu abin faɗa ba, kuma hakan bai yi mata daɗi ba. Da ta ga yadda uwar ta rame sai ta samu. Aka ɗaure kayan Inna: tabarma, ƙwarya, tasoshin aurenta. Da safe Wasila ta riƙe wa Inna hannu suka shiga maƙwabta sallama, ta kuma tabbatar ba su bar gida ko ɗaya ba.

Suna fita Mala Kolo ya shigo da jaki. Suka ɓanɓare kyakkyawan dutsen nan mai kusurwa huɗu, Idirisu ya kau da kai lokacin da ake jingine shi bayan rumbu. Suka dasa mai doron, suka tokare shi da tsakuwa, suka cike gefen da ƙasa. Hajara na tsaye riƙe da ƙugu tana cewa, "Auta, ka haukace ne? Karya mana tsohuwa za ka yi ranar tafiya?" Idirisu ya je ya tsaya jikin ƙofar, hannuwansa a shirye ko tsohuwa za ta faɗi.

Da hantsi suka dawo. Inna ta saki hannun Wasila ta ce bari ta shiga ta ɗauko carbinta a ƙarƙashin matashi. Ta tako a hankali. A dokin ƙofa ƙafarta ta kauce gefe yadda ta saba, ba don tana sa ran komai ba, yatsan ya miƙa.

Ƙum.

"Mutumin nan, yaushe za ka cire dutsen nan?"

Maganar ta fita kafin ta san ta fita. Idirisu bai shirya komai ba, bai ma san bakinsa zai buɗe ba, sai ya ji kansa yana cewa, "Gobe, in Allah ya kai mu."

Inna ta daɗe a tsaye. Sannan ta jingine sanda, ta durƙusa da ƙyar, ta ɗora hannu biyu a kan dutsen. Ta shafa doron, ta bi gefe har yatsanta ya faɗa gurbin goro, ta tsaya a nan. Ta taɓa ƙasar da aka cike gefen da ita, ɗanya sharaf. Ta laluba ta kamo hannun ɗanta, ta juya tafin, ta bi kantar da tsagogin ɗaya bayan ɗaya da babban yatsanta. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba.

Ta ce, "Na ubanka bai kai wannan zafi ba. Kai komai sai ka wuce misali."

"Sai in rage, Inna."

"Wa ya sa ka? Ka taɓa shi ka gani." Ta ja hanci, ta gyara ɗaurin kallabi. "Gobe ka ce?"

"Gobe, Inna."

Ta juya wajen da take jin numfashin 'yarta, ta ce, "Hajara, sauke kayan nan. An ce mini gobe, sai na tsaya na ga goben. Ke kuma Wasila, kunun da kika ba ni yau, tsamiyar garin nan duka kika juye a ciki?"

Idirisu bai koma ga allura ba. Ya gaji Mala Kolo a gyaran tsofaffin gine-ginen Birni, kuma an ce ba ya taɓa bango sai ya sa mai ɗakin ya shiga ya fita a gabansa yana kallon ƙafarsa da inda yake dafawa. Takalman masallaci dai bai daina jerawa ba har ya mutu. Inna Zuliha ta ƙara shekaru masu dama a ɗakinta, kullum da safe tana tambaya, shi kuma duk inda aiki zai kai shi ba ya fita sai ya tsaya ya ba ta amsa. Washegarin ranar da aka binne ta, Wasila ta fito ɗora kunu ta gan shi tsaye a bakin ƙofar da ba kowa a ciki. Ya kai ƙafa ya taɓa dutsen, ya ɗan jira, sannan ya ɗauki makoɗinsa ya fita.